Mu Koyi Ingilishi: Kalmar Masu Lalube

 

Cikin wasiƙun da suka iso hannuna a watan jiya akwai ta wata uwa, wadda ɗanta ya ke aji biyu na babbar sakandare. An ba su aikin gida, wani ɗan labari ne na Ingilishi a kan kwamitin wani gari da ya zauna domin matsalar ruwan sha. A cikin labarin akwai jimlar da ta ce, "The committee was groping for a solution." Aka tambaye su ma'anarta. Yaro ya buɗe ƙamus, ya ga an ce kalmar tana nufin neman abu da hannu a inda ba a gani. Sai ya rubuta cewa an ɗauke wa kwamitin wuta suna cikin taro. Malaminsa ya ja masa jan biro. Uwar ta ce, "Malam, ai abin da ƙamus ya faɗa ke nan, ina laifin yaron?"

Uwa, ki kwantar da ranki. Ɗanki bai yi wauta ba. Ya kama gindin itacen sosai, rassan ne bai ɗaga kai ya duba ba. Saboda shi, da sauran yara irinsa, kalmarmu ta wannan wata ita ce "grope", watau lalube.

Bari mu fara da yadda a ke faɗinta. Harufanta biyar ne, amma ba a furta "e" na ƙarshe. Tana tafiya da amo ɗaya da "rope", watau igiya, da "hope", watau sa zuciya. Ku haɗa leɓɓanku sosai a wurin "p", gama mu masu jin Hausa bakinmu ya kan ja ta zuwa "f". Kada kuma ku dagula ta da "group", ƙungiya, ko "grape", inabi. In aikin ya wuce sai a ce "groped", in ana cikin yinsa a ce "groping". Dukansu biyu "p" ɗaya ne gare su.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. Mutanen Ingila suna amfani da ita tun kafin shekarar 1066, sa'ad da Normawa suka ƙetaro daga Faransa suka ci ƙasarsu. A wancan zamani "grapian" su ke cewa, ma'anarta kuwa a taɓa abu da hannu ko a kama shi. Danginta ɗaya da "grip", watau riƙo da ƙarfi. Saboda haka duk inda kuka gamu da ita, ku tuna asalinta aikin hannu ne.

Kowa a cikinmu ya san wannan aiki. Dare ya yi, fitila ta mutu, jariri yana kuka, uwa ta tashi tana neman ashana ko tocila. Ta miƙa hannu, ta taɓa bango, ta bi shi a hankali, ta ci karo da kujera, ta shafa saman tebur, ta ture kofi, har yatsunta su faɗa kan abin da ta ke nema. Bature zai ce, "She groped for the matches." Mu kuwa mu ce ta yi ta laluben ashana.

To, ku dubi uwar nan da kyau, gama dukan darasinmu yana jikinta. Abu uku ne a wurin. Na fari, akwai abin da a ke nema, ita kuwa ta tabbata yana cikin ɗakin. Na biyu, ba ta iya ganinsa. Na uku, ba ta zauna ta naɗe hannu tana jiran gari ya waye ba, tana motsi, tana gwadawa, tana kuskure, tana sakewa. In ɗaya daga cikin ukun nan ya fita, kalmar ba ta zauna ba. Wanda ya ke neman akuyarsa da rana tsaka, idonsa biyu, "look for" ko "search" ya ke yi. Wanda ya zauna cikin duhu bai miƙa hannu ba, jira ya ke yi. Mai lalube shi ne wanda ba ya gani, amma bai daina nema ba.

Tun wajen shekara 700 da suka wuce Turawan Ingila suka fara ɗauke kalmar daga ɗaki mai duhu suna kai ta cikin kan mutum. Ba su yi wani abin mamaki ba, gama mu ma kakanninmu sun ce rashin sani ya fi dare duhu. In rashin sani duhu ne, ashe mai neman sani lalube ya ke yi. Daga nan ne rassan kalmar suka fito. Zan ɗauke su ɗaya ɗaya.

Reshe na fari shi ne laluben magana. Bature ya kan ce, "He groped for words," ko kuwa, "She groped for the right word." Ma'ana, mutum yana da abin faɗi a ransa, amma kalmar da za ta ɗauke shi ta ƙi zuwa baki. Kun taɓa zuwa gaisuwar mutuwa gidan da aka rasa ƙaramin yaro? Kun zauna gaban uwar, kun buɗe baki, sai kuka ji duk abin da za ku faɗa ya yi kaɗan. Shi ke nan. Haka kuma tsoho ya kan gamu da wanda suka yi makaranta tare, fuskar ya san ta sarai, sunan kuwa yana kan harshe ya ƙi fita. A nan sai a ce, "He groped for the name."

Ni dai wannan reshe ne na fi gani, domin shi ne abincina kullum a aji. Na yi tambaya, yarinya ta tashi tsaye, ta fara, ta tsaya, idonta ya koma sama, leɓɓanta suna motsi. A farkon aikina na kan ɗauka ba ta sani ba ne, sai in ce ta zauna, in kira mai saurin baki. Na yi shekaru ina wannan kuskure. Daga baya na koyi yin ƙirge a zuciyata, daga ɗaya zuwa goma, kafin in ce komai. Abin da na gani ya ba ni kunya. Sau da yawa kafin in kai goma amsa ta fito, wani lokaci ma ta fi ta mai saurin bakin kyau. Ashe yarinyar tana cikin ɗaki tana bin bango, ni kuwa ina jawo ta waje kafin hannunta ya kai tebur.

Akwai labarin da ya kamata kowane mai koyar da yara ya sani. An haifi Helen Kela a jihar Alabama ta Amurka a shekarar 1880. Tana da wata 19 ciwo ya ɗauke mata ido da kunne gaba ɗaya. Ta girma ba ta san abubuwa suna da suna ba, in tana son abu ba a gane ba sai ta yi ta fushi da jifa. A watan Maris na 1887 aka kawo mata malama, An Suliban, wadda ta riƙa rubuta mata harufa a tafin hannu da yatsa. Wajen wata guda yarinyar tana kwaikwayon motsin ba tare da ta san amfaninsa ba. Ran 5 ga Afrilu malamar ta kai ta bakin famfo, ta sa hannunta ɗaya ƙarƙashin ruwa, tana rubuta sunan ruwa a ɗayan. Nan take abin ya faɗo mata. Kafin dare ta koyi kalma 30. A 1904 ta gama karatun digiri. Ga laluben hannu da laluben magana sun haɗu a jikin mutum ɗaya. Da malamar ta gaji a mako na biyu, da ba mu san sunan ko ɗayansu ba.

Reshe na biyu shi ne wanda ya kayar da ɗan mai wasiƙarmu, watau laluben amsa. A kan ce "grope for an answer", "grope for a solution", ko "grope for an explanation". Kwamitin da ke cikin labarin nan fitilarsu tana ci lafiya lau. Duhun yana cikin kawunansu. Sun san garin yana bukatar ruwa, sun san akwai mafita, amma ba su gan ta ba tukuna. Wannan ya ce a haƙa rijiya, wancan ya ce a gyara tsohon famfo, wani ya ce a kai kuka wurin hukuma. In ba su da ko abin da za su dafa, ba bayani, ba lissafi, sai a ƙara a ce, "They are groping in the dark." Mu ma haka mu ke faɗi, lalube cikin duhu.

Ku ɗauki zazzaɓin cizon sauro, wanda ba gidan da bai sani ba. Sunansa na Ingilishi, maleriya, daga harshen Italiya ya fito, ma'anarsa mummunar iska. Likitocin Turai sun lura ciwon ya fi yawa kusa da fadama, sai suka ɗauka tururin ruwan kwance ne ke kawo shi. Hannunsu ya taɓa bango, amma ba ƙofar ba ce. Abin mamaki, maganin ya riga sanin dalilin zuwa. Tun cikin shekarun 1600 a ke shan ɓawon wani itace na ƙasar Peru domin zazzaɓi, a 1820 kuma wasu masana biyu a Faransa suka fitar da kwinin daga cikinsa. A 1854 Likita Baiki ya hau kogin Kwara da Binuwai a jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin kowace rana, suka komo ba wanda zazzaɓi ya kashe. Duk da haka bai san abin da ke sa ciwon ba. Kamar mutum ne da ya damƙi akwatin ashana cikin duhu, bai kuwa ƙyasta ba tukuna.

Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laberan, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin majiyyaci a garin Kwanstantin na Aljeriya. Saura tambaya ɗaya, ta ina ta ke shiga jiki? Wani likitan Ingila mai suna Ronal Ros, wanda ke aiki a Indiya, ya yi shekara biyu yana feɗe sauro ƙarƙashin madubin likita bai ga komai ba, domin irin sauron da ya ke kamawa ba su ne masu ɗaukar cutar mutum ba. Ran 20 ga Agusta 1897, a garin Sikandarabad, ya feɗe wani iri dabam, sai ga ƙwayar a jikin tumbinsa. A 1902 aka ba shi kyautar Nobel. Gidan sauron da ku ke ɗaura wa yaranku da dare, ƙarshen wannan dogon lalube ke nan. In kun karanta a littafin tarihi cewa likitocin dā "were groping for the cause of malaria", ba zaginsu marubucin ya ke yi ba. Yana nuna aikin da suka yi kafin haske ya zo.

Reshe na uku ya ɗan bambanta, bambancin kuwa yana cikin 'yar kalmar da ke biye. In aka ce "grope for", hankali yana kan abin da a ke nema. In aka ce "grope towards", ko "grope one's way", hankali yana kan tafiyar. Mutum yana matsawa gaba, taki ɗaya bayan ɗaya, ko da ya ke bai ga ƙarshen hanya ba. Miji da mata da suka yi faɗa, aka shiga tsakani, yau an gaisa, gobe an ci abinci tare, jibi an ɗan yi dariya, Bature zai ce, "They are groping towards peace." Ba su kai ba, amma fuskarsu tana wajen. Sabon malami a makonsa na fari, ko amarya a gidan surukai, kowannensu "is groping his way" ko "her way". Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Labarin kogin Kwara misali ne mai kyau, yana kuma da abin dariya a ciki. Masanan Turai sun daɗe da jin labarin wani babban kogi a ƙasar baƙar fata, amma ba su san inda ya dosa ba. Waɗansu suka ce yamma ya ke gudu, waɗansu suka ce yana haɗuwa da kogin Nilu, waɗansu kuma suka ce yana ƙarewa cikin wani tafki a tsakiyar ƙasa. A watan Yuli na 1796 Mungo Fak ya iso Segu, cikin ƙasar Mali ta yau, ya ga ruwan gabas ya ke yi. Taki ɗaya ke nan. Ya komo karo na biyu ya bi kogin, ya halaka a Busa a 1806. Kilafatan ya ƙetaro hamada, ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida bai ga bakin kogin ba. Ya sake dawowa, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. Sai a 1830 baransa Rica Landa, tare da ƙanensa Yohanna, suka shiga kwalekwale daga wajen Busa, suka bi ruwa har ya kai su teku. Shekara 34 ke nan daga ranar da Fak ya tsaya a Segu. Duk wannan lokaci masuntan Yawuri da Nufawa suna kama kifi cikin kogin, 'yan kasuwa suna hawa suna sauka. Darasin shi ne, duhun mai lalube nasa ne shi kaɗai. Abin da wani ke nema da hannu, wani yana kallonsa da ido. Shi ya sa aka ce matambayi ba ya ɓata.

A nan sai in ja kunnen manyan 'yan makaranta masu son fassara. Hausa tana da abin da Ingilishi ba shi da shi. Mu muna cewa ya laluba, muna kuma cewa ya lalubo. Wannan "o" na ƙarshe yana nuna an samo abin, yana hannu. Kullum mu kan ji a rediyo cewa dattawa sun lalubo bakin zaren wata rigima, watau sun gano inda za a kama a warware ta. Kalmar Ingilishin nan ba ta kai nan. Ita a kan nema ta ke tsayawa, ba ta taɓa gaya maka an samu. Saboda haka in za ka juya "sun lalubo bakin zaren" zuwa Ingilishi, ka ce "they found a solution". In ka ce "they groped for a solution", ka mai da dattawan baya cikin duhu, alhali sun riga sun fito.

Yanzu, yabo ne ko zargi in an ce mutum yana lalube? Amsar tana ga lokaci. Wanda ke lalube da tsakar dare, ba wanda zai ga laifinsa. Wanda ke lalube da rana tsaka, ga haske ko'ina, akwai abin da ya same shi. In jarida ta ce shugabanni "are still groping for a policy" bayan sun yi shekaru a kan kujera, wannan 'yar kalma "still", watau har yanzu, ita ce bulalar. Ana nufin da sun yi aikinsu da tuni sun gani.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki na Ingilishi za su gamu da fuskokin nan biyu. Juyin Sarki Yakubu, wanda aka buga a 1611, ya yi amfani da kalmar a Maimaitawar Shari'a 28:29, da Ayuba 5:14, da Ayuba 12:25, da Ishaya 59:10. A dukan wuraren nan huɗu lalube alamar hukunci ce ko faɗuwa, a biyun fari ma da rana tsaka a ke yinsa. Amma a Ayyukan Manzanni 17:27, inda Bulus ke magana da mutanen Atina a kan yadda al'ummai ke neman Allah, sabon juyin wannan fassara na 1982 ya sa kalmar nan tamu, a can kuwa lalube ne mai sa zuciya, gama wanda a ke nema ba shi da nisa. Ku buɗe ayoyin da kanku, ku aza na Hausa kusa da na Ingilishi, za ku ƙaru ta wajen harsunan biyu.

Haka abin ya ke a aji. Yaro biyu za su iya tsayawa suna in-ina a kan tambaya ɗaya. Ɗaya ya yi karatu jiya da dare, yana neman inda ya ajiye amsar. Ɗayan bai buɗe littafi ba, yana jefa kowace kalma da ta zo bakinsa ko Allah ya sa a dace. Na farin lalube ya ke yi, na biyun caca. Yadda na ke rarrabe su ba wuya. Na kan ce, "Gaya mini abin da ka tabbata da shi tukuna." Mai lalube na gaskiya yana da bangon da ya dafa, zai faɗi rabin amsar, ko ya ce ya san ba kaza ba ne saboda kaza. Mai caca ba shi da komai a hannu.

Saura gargaɗi ɗaya, ina roƙon iyaye su karanta shi da natsuwa. Yawancin misalan da na kawo, za ku lura akwai 'yar kalma bayan "grope", ko "for", ko "towards", ko "in". In aka cire ta, aka sa mutum kai tsaye bayan kalmar, ma'anar ta juya ta zama mummuna. Tana nufin taɓa jikin wani ta hanyar rashin kunya, galibi ba da yardarsa ba. Wannan ma'ana ma tsohuwa ce, a jaridun Ingilishi na yau kuwa tana fitowa sau da yawa cikin labaran kotu. Ko a Hausa in aka ce wani ya lalube yarinya, kowa ya san ba ashana ya ke nema ba.

Wata shekara wani yarona, mai hankali da ladabi, ya rubuta insha'i a kan daren da gobara ta tashi a unguwarsu. Yana so ya ce ya nemi ƙanwarsa cikin hayaƙi ya fito da ita. Sai ya manta da "for". Harufa uku kacal, suka mai da jarumi abin zargi. Na kira shi gefe, ba gaban aji ba, na bayyana masa. Ya rufe fuska don kunya. Na ce masa gara ya ji kunyar nan a gabana da ya ji ta a takardar jarrabawa ko a wasiƙar neman aiki. Daga ranar bai ƙara mantawa ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi jarrabawa nauyi. 'Ya'yanmu suna shiga motar haya, suna cuɗanya a kasuwa, suna kwana a makarantun kwana. Yaron da bai san sunan abu ba, da wuya ya kai ƙararsa. Ku gaya wa 'ya'yanku, mata da maza, da Hausa da Ingilishi, cewa wannan aiki yana da suna, laifi ne, laifin kuwa na mai yi ne, ba na wanda aka yi wa ba. Ku gaya musu su faɗa muku ko wane ne, ko babba ne, ko ɗan'uwa ne, ko malami ne. In kuwa yaro ya zo yana so ya faɗa, ku tuna da reshe na fari. Zai tsaya, zai yi in-ina, zai kewaya, gama yana laluben maganar da ba a taɓa koya masa ba. Kada ku katse shi, kada ku tsawata. Ku ƙirga goma a zuci, in ta kama ku ƙirga ɗari.

Ga aikin gida na wannan wata. Ku juya waɗannan zuwa Ingilishi. Na ɗaya, kaka ta yi ta laluben tabaraunta a ƙarƙashin matashi. Na biyu, da aka tambaye shi dalili, sai ya tsaya yana laluben abin faɗi. Na uku, ƙauyukan biyu suna lalube a hankali zuwa ga sulhu. Na huɗu, a ƙarshe dattawa sun lalubo bakin zaren. Ku yi hankali da na huɗun, akwai rami a ciki, na kuwa riga na nuna muku inda ya ke. Ku aiko da amsoshinku ta hannun edita, zan duba su a fitowa ta gaba.

Ke kuma uwa mai wasiƙa, ki gai da ɗanki. Ki ce masa malaminsa ya yi daidai da ya ja jan biro, shi ma ya yi daidai da ya buɗe ƙamus. Abin da ya rage, in ya sake buɗewa kada ya tsaya a ma'ana ta fari, ya gangara ya karanta ta biyu da ta uku, ya dubi misalan da ke ƙarƙashi, sa'an nan ya koma kan jimlarsa ya ga wadda ta zauna. In ya rasa, ya tambaya. Ni da na ke rubuta wannan fili, da diflomata da shekaruna a gaban allo, ba makon da ke wucewa ban laluba wata kalma ba. Mai nema yana tare da samu.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.